Musayar Waƙa: Kaifi

Ɗan Maƙera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani dattijo ya kawo mini lauje uku in wasa masa, kaka ta matso. Yana zaune bakin maƙera sai ya ce jikarsa ta sauke Alƙur'ani tana da shekara 12, "yarinyar akwai kaifin basira." Can kuma ya koka da wani maƙwabcinsa, wai kaifin bakinsa ya raba unguwa biyu. Da na miƙa masa laujen, ya ɗan taɓa da babban yatsa, ya ce, "Kaifi ya yi." Kalma ɗaya, sau uku a zama ɗaya. Na kwana da ita a raina, shi ne na ce bari in jefo muku. Amsa-amonmu na yau -fi ne.

Da sunan Allah nake fara zance,
Wanda ya sanya wa ƙarfe ƙarfi.

Salati ga Manzo, fiyayyen halitta,
Da alaye, sahabbai masu sani mai zurfi.

Ni ɗan maƙera ne, Gaya garinmu,
Sana'ar gidanmu fito da kaifi.

Kano maƙeri ma, an ce, daga nan ya tashi,
Ya je Dala neman tama mai ƙarfi.

Wuƙar Bayajida, in ji mutan da,
Nan aka ƙera ta kafin ya tafi.

Ya isa Kusugu ya sare macijiya,
Mutan Daura kan rijiya sun yi dafifi.

Baƙin ƙarfe dai, ba ya yanka kome,
Sai ya shiga wuta ya ɗanɗani zafi.

Awartaki ya kama, masaba ta dake shi,
Uwar maƙera tana amsa tafi.

Abin da na gane a dutsen washi:
Ragewa ake yi a samo kaifi.

Ƙarfen da ya ƙi a rage masa kauri,
Tsatsa ta cinye shi can gefen rafi.

To ga tambaya, 'yan'uwa, ku amsa:
Me ya haɗa wuƙa da basira a kaifi?

Malama ta Zazzau:

Wa'alaikumus salam, Malam maƙeri. Shekarata 19 ina koyar da 'yan aji uku, bari in amsa daga inda na sani.

Na karɓi zancenka, Malam maƙeri,
Ajina maƙera ce, ko da ba zafi.

Akwai yaron da in ka faɗa sau ɗaya,
Ya cafke kamar gwanin kamun kifi.

Mu ce masa kaifin basira gare shi,
Mu tsai da shi gaba, aji ya yi tafi.

Akwai na kusurwa da ba ya magana,
Wata uku cur yana kan harafi.

Mu ce daƙiƙi, mu juya masa baya,
Na rantse a nan mu muke da laifi.

Na sami irinsa, na zauna da shi
Bayan an tashi, shafi bayan shafi.

Ashe allon ne ba ya hangowa,
Idon ne da hazo, kan na da kaifi.

Na dawo da shi bencin gaba, ya buɗe,
Kamar tukunya an ɗauke murfi.

Da Bahaushe ya ce wasa ƙwaƙwalwa,
Dutsen maƙerarku yake nufi.

Gardin Tsangaya:

Malama, Allah ya saka da alheri, kin ceci yaron nan. Amma ban yarda duka ba.

Malama, na yarda washi na da rana,
Amma tama ita ce tushen kaifi.

Ki wasa kara shekara goma a dutse,
Ba zai zama aska ba, ko an yi tofi.

A tsangayarmu akwai wani kolo,
Ya wanke allo tun rana ba zafi.

Na kusa da shi kwana uku na biyawa,
Wuta ɗaya, malam ɗaya, ba wani tsafi.

Baiwa ce, Allah ke bai wa bawansa,
Ba ta cikin kayan masarufi.

Sai dai ga alƙalamina na gamba,
In ban fiƙe ba, ba ya fid da harafi.

Wawun ya cushe, tawada ta malale,
Wasali ya hau kan wurin wakafi.

To kin ga na ba ki rabi, Malama,
Rabin na wurin Mai ba da kaifi.

Malam maƙeri, tambayarka kuma akwai amsarta a Littafi. A Suratu Ƙaf, aya ta 22, an ce ranar tsayuwa za a yaye wa mutum rufin da ke kansa, a ce masa ganinka yau mai kaifi ne. Kalmar da ta zo a wurin ita ce "hadid", ita ce kuma sunan ƙarfe, har da sura guda, ta 57, mai wannan suna. Ka ga ba Bahaushe kaɗai ya haɗa ido da ƙarfe ba. A Ahzabi kuma, aya ta 19, an siffanta munafukai da harsuna masu kaifi.

Mahauci Basakkwace:

Malam Gardi, kun kai mu sama. Bari in maido ku ƙasa, wurin da jini ka zuba.

Ku ƙyale ni in yi ta bakin mahauta,
Mu munka san amfanin kaifi.

Mutane ka cewa wuƙa muguwa ta,
Dakusasshiya ita ad da laifi.

Ranar layya na iske wani da rago,
Wuƙatai ba ta yanka ko kifi.

Shina ta gurzawa, rago na shure-shure,
Zuciyata tat tashi don zafi.

Nij janye shi, niz zaro tawa ga kube,
Bisimilla, ja ɗaya, rai yat tafi.

Manzo ya ce in za ku yanka ku kyauta,
A wasa wuƙa, dabba ta huta, shi an nufi.

Kilishi ma in gwani yaj ja shi,
Ka hangi rana ta cikinai, ba rufi.

Hadisin Muslim ne, shi an na 17 ga Arba'una, yara na biya shi Islamiyya. Kuma malamai sun hana a wasa wuƙa gaban dabba tana kallo. Ni kam ga sana'ata, kaifi jinƙai na.

Uwar Biyu:

Baba mahauci, gaskiyarka a kan wuƙa. Amma ayar da Malam Gardi ya kawo ta harsuna masu kaifi ta taɓo mini wani tabo. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai mahaifiyata.

Shekara shida da aure ban haihu ba,
Na je suna, na sa sabbin tufafi.

Tsakar gida cike, ana ta guɗa,
Ana rabon goro, mata dafifi.

Na miƙa hannu in karɓi jariri,
Wata dangin miji ta ce da ƙarfi:

"Ku ba juya ta ɗana, ta ji ɗuminsa."
Aka yi dariya, har da masu tafi.

Ban yi jini ba, ba a ga rauni ba,
Na koma gida na rufe ƙofofi.

Tabarmar sallata ita ta ji kuka,
Daren nan ya yi tsawo, ya yi zurfi.

Yankan wuƙa sati biyu ya warke,
Na harshe yana nan da sauran dafi.

Yau ga tagwayena, Allah ya ba ni,
Suna aji biyar, sun yi ƙarfi.

Na yafe, ta rasu, na je gaisuwa,
Amma kalmar nan ta ƙi ta tafi.

Ku masu yabon "wance akwai baki",
Kun taɓa tambayar wanda ya sha kaifi?

Malama ta Zazzau:

Ƙanwata, na karanta da hawaye,
Ba ke ba ce, ita ke da laifi.

Mutan da sun ce baki ke yanka wuya,
Wuyan mai shi ma yana cikin nufi.

Dattijon Damagaram:

Ɗiyata, kin yi haƙuri irin na manya. Sai dai ina tsoron samari su karanta su ɗauka duk mai faɗin gaskiya a fuska mai kaifin baki ne. Akwai wanda ake kira kaifi ɗaya, shi kuwa yabo ne, kuma sun yi mana ƙaranci.

Ɗiyata, Allah ya raya tagwaye,
Ya sa su zame miki garu da kafi.

Amma a raba mini biyu a zancen:
Kaifi ɗaya daban da bakin dafi.

Wuƙar gida kaifi ɗaya gare ta,
Ka san bayanta, ka san gun kaifi.

Ka ɗora yatsa a bayanta lafiya,
Ka yanka albasarka, ba wani laifi.

Haka nan mutum in an ce kaifi ɗaya ne,
I ɗinsa i ce, ba ɓoyen nufi.

Na yi fatauci Kano da Damagaram,
Shekara talatin, rani da yayyafi.

Maigidana in kaya na da aibu,
Gaban mai saye yake buɗe murfi.

Mun yi asarar ciniki da dama,
Amma sunansa ya fi kuɗi ƙarfi.

Wanda nake tsoro mai kaifi biyu ne,
Ta ina za ka kama? Ko'ina zafi.

Ya yi ma dariya nan, ya sare ka can,
Ya zo jaje kuma da sabbin tufafi.

'Yar Autar Zaure:

Ni tambaya ce da ni, iyayena,
Ku yi mini haƙuri in na yi laifi:

Hoton waya in ya fito da kyau sosai,
Ana iya cewa shi ma da kaifi?

Malama ta Zazzau:

A'a 'yata, hoto tar yake fitowa,
Garau kuma sai ruwan da ke kofi.

Bayani a ji shi sarai, a gane,
Idon da ya hango shi ne mai kaifi.

Ɗan Wanzami:

Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Amma Malama ta ambaci ido har sau biyu, dole in yi magana. Ku yi haƙuri in ta yi tsawo, ta mahaifina ce.

Babana wanzami ne, zabirarsa
Ta zaga ƙauyuka har hayin rafi.

Ranar suna shi ke askin jariri,
Ɗan kwana bakwai, maɗiga ba ƙarfi.

Aska tana bi ta kanta a sannu,
Uwa na addu'a, kaka na tofi.

Bai taɓa ƙwarzanar ɗan kowa ba,
Hannu da ido sun yi daidai da kaifi.

Yakan gwada aska a gashin damtsensa,
In ta share shiru, ya ce, "Ta yi, mu tafi."

Wata safiya aka miƙo jikansa,
Ɗana na fari, gida ya yi dafifi.

Ya wasa aska, ya rungumi yaron,
Ya daɗe yana kallo, shirun ya yi zurfi.

Ya matso da kan yaron daf da fuskarsa,
Ashe yanar ido ta yi masa rufi.

Bai gaya wa kowa ba, ko Innarmu,
Wata da watanni yana cin zafi.

Ya ce, "Zo nan." Ya miƙo min askar:
"Ita tana da shi, ni na rasa kaifi.

Ba zan sa ƙarfe inda ban gani ba,
In na yanki ɗan nan, wa ke da laifi?"

Hannuna na rawa na yi askin farko,
Yana riƙe da gwiwar hannuna da ƙarfi.

Gashin ya zube a kan farin zane,
Ya shafa kan yaron, ya yi masa tofi.

Daga baya an yi masa aiki a ido ɗaya, ya koma gani, amma bai sake karɓar askar ba. Ya ce abin da ya bayar ya bayar. Ya rasu bara da azumi. Ni yanzu kowane kai da sabuwar rezarsa nake yi, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke horo, don haka askar tana kwance cikin zabira. Shekaranjiya na buɗe, na ga tsatsa ta fara kama bakinta. Na mayar na rufe, na kasa taɓa ta.

Uwar Biyu:

Yaya, Allah ya jiƙan Baba,
Ya yaye masa duhu, ya ba shi tufafi

Na koren alharini a gidan Aljanna,
Ya sa ganinsa can ya fi nan kaifi.

Dattijon Damagaram:

Ɗana, ka ji mutumin da nake nufi ɗazu. Gaban jama'a, ranar sunan jikansa, ya faɗi gaskiyar idonsa. Allah ya sa ka gaje shi.

Ɗan Maƙera:

Ɗan'uwa, na ajiye masaba na karanta,
Allah ya jiƙan Baba, ya yafe laifi.

Amma kar ka bar askar nan ga tsatsa,
Tsakaninmu da ku akwai zumunci mai ƙarfi:

Mu ke ƙerawa, ku ke aiki da ita,
Ba na so in ji ta mutu cikin rufi.

Naɗo ta a tsumma da ɗan man gyaɗa,
Ka kawo Gaya in ka sami zarafi.

Ba zan sa ta wuta ba, ba zan dake ta ba,
Dutse mai laushi, ruwa yayyafi.

Ƙotar da ya riƙe ba zan canja ba,
Wurin yatsansa na nan, ya yi zurfi.

Ɗan Wanzami:

Na gode, Malam. Ran Asabar in sha Allahu, da hantsi. Zan taho da yaron.