Neman shawara: tukunyata tana zaunewa a kan wil da zarar ta fara tsawo

Ɗalibar Yumɓu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a wata kwaleji a nan cikin Kano, shekarata ta biyu, kuma wannan zangon muka shiga ginin tukwane a kan wil (faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa) gadan-gadan. Bara ƙananan kofuna da kwanuka muka yi da yumɓu rabin kilo, ban sha wata wahala ba. Yanzu malam ya ce kowa ya kawo abu biyu kafin jarrabawa: miƙaƙƙiyar tukunya mai tsawon santimita 30 daga yumɓu kilo 2, da wata mai murfi.

To ga inda gizo ke saƙar. Da na ja bangon ya kai kamar santimita 18, sai bakin ya fara rawa, jikin ya murɗe kamar ana matse wanki, kafin in ankara ta zauna. Waɗanda suka tsira kuma nauyinsu kamar turmi, bayan kwana biyu sai in tarar gindin ya tsage, tsagewa mai lanƙwasa kamar maciji. Wil uku ne gare mu, biyu na lantarki ɗaya na ƙafa, mu kuma mun haura talatin. In babu wuta kowa na ƙafar yake jira. Saura mako biyar. Don Allah wanda ya san hannun abin ya taimaka, har na fara tunanin ko ni ce ba ni da baiwar.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye maganar baiwa tukuna. A Zariya na karanci wannan fanni, kuma duk wanda ya tashi daga rabin kilo zuwa kilo 2 sai ya ga abin da kike gani. Gobe ki yi abu guda: tukunyar da kika ja, ko ta yi kyau, ki sa waya ki tsaga ta biyu daga ƙasa zuwa sama, ki dubi kaurin bangon. Na tabbata za ki ga ƙasan ya kai kaurin babban yatsa, tsakiya kuma siriri kamar takarda. Yumɓun da ya kamata ya zama tsawo yana kwance a gindi. Shi ya sa take nauyi, shi ya sa kuma take murɗewa, domin siririn wurin ba zai iya ɗaukar abin da ke samansa ba.

Maganinsa, jan farko ki fara shi tun daga kan faifan. Ki cusa yatsun dama ta waje a can ƙasa har su yi ɗan rami, hannun hagu yana ciki sama da su kaɗan, sai ki ɗago wannan tudun a hankali. Kada ki tsaya a wuri ɗaya kina matsa, kada kuma ki cire hannu fat ɗaya. Baki ki bar shi da kauri har ja na ƙarshe. Sannan ki riƙa tattaro saman ciki, ta fi faɗi a ƙasa ta tsuke a sama, saboda juyin wil kullum waje yake jefa yumɓu. Gudu kuwa, da ƙarfi lokacin kafa yumɓu a tsakiya, amma duk tsawon da ta ƙara ki rage. Ja uku ko huɗu ya isa. Wanda ya kai ja takwas, ruwa ya riga ya cinye masa bango.

Maman Ilham: Ni ban taɓa hawa wil ba, amma a gidan magina na tashi, kakata randa da tulu take ginawa. 'Yata, ina tambaya: kwana nawa yumɓunku yake yi a jiƙe kafin ku taɓa shi? Mu ba a haƙo ƙasa yau a yi gini gobe. Sai an jiƙa, an tsince tsakuwa da saiwa, an tattake da ƙafa, an rufe ya kwana biyu ya yi danƙo. Kuma ana daka tsingaro a tankaɗe a zuba, shi ke ba tukunya ƙashi, ya hana ta fashewa a wuta.

Abban Sadik: Hajiya, maganar tsimawa gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Tsingaron ne zan ɗan ja: irin dakan da ake yi wa randa, a kan wil zai kankare mata fatar hannu. Sai dai in an tankaɗe shi ya yi laushi kamar garin tuwo, kuma kaɗan.

Maman Ilham: To ai ka ji, ku 'yan boko komai sai an sa muku rariya. Ta tankaɗe ɗin.

Ɗan Kurmi: Ni dai na zo kallo ne. In ta gagara ki zo kasuwa in zaɓar miki mai kyau ki kai wa malam.

Anti Malama: Kai Ɗan Kurmi, Allah ya shirye ka, ai tukunyar wil da zoben yatsu a jikinta, kallo ɗaya malam zai gane. Ƙanwata, bari in taɓa tsagewar gindin, don ita ce ta fi cin rai: kin gama aiki kina murna, sai ta bayyana daga baya. Abu uku ke kawo ta. Ba ki danne gindin ba bayan kin buɗe ramin. Ki bi shi da yatsu daga gefe zuwa tsakiya sau uku ko huɗu. Kina barin ruwa ya taru a ciki. Ki ɗaura soso a kan sanda ki riƙa tsotsewa bayan kowane ja. Na ukun shi ne hunturun nan namu. Iskar Kano a wannan lokaci tana busar da baki cikin sa'o'i kaɗan alhali gindi yana jiƙe, to ɗaya ya tsuke ɗaya bai tsuke ba, dole wani wuri ya buɗe. Ki lulluɓe ta da leda, nesa da taga, kuma da zarar bakin ya yi ƙwari ki kifa ta gindi ya sha iska. Kaurin gindin kada ya wuce santimita ɗaya, ki soka allura ki auna.

Murfi kuma ki ja shi rana ɗaya da tukunyar, daga yumɓu ɗaya, su bushe yana kanta. Yumɓu yana raguwa wajen kashi goma cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi, in kin yi murfin bayan kwana uku awonki ya tashi a banza. Ki yi biyu ko uku, ɗaya zai zauna.

Batun baiwa kuwa, ki ciro naira ashirin ki duba bayanta. Ladi Kwali, maginiyar da hotonta yake wurin, ta riga ta gwanance a ginin hannu kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A can ta zauna ta koyi wil kamar kowane sabon shiga.

Ɗalibar Yumɓu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma matsalar layi fa? Wani lokaci minti arba'in kawai nake samu.

Abban Sadik: To kada ki ɓata minti ɗaya a kan abin da za a iya yi a ƙasa. Ki cuɗa yumɓunki tun kina jiran layi, ki yanka da waya ki ga babu ramin iska, ki auna curi biyar ki sa a leda. Kuma kada ki yi tsalle zuwa kilo 2: mako ɗaya a kilo 1, na gaba kilo ɗaya da rabi. Ki kafa gwiwar hannu a cinya, jikinki ne zai danna, ba yatsu ba. Farce a yanke, zobe da awarwaro a jaka. Na ƙafar da kowa ke gudu ma ki rungume shi, tunda ba ya saurin da zai yaudare ki.

Ɗalibar Yumɓu: 'Yan uwa na dawo da rahoto. Yau na tsaga guda huɗu kamar yadda Yaya ya ce, wallahi har kunya na ji, kusan rabin yumɓun yana gindi. Ta biyar ta kai santimita 22 da kilo ɗaya da rabi, tana cikin leda yanzu. Sai dai bakin ya ɗan fi tsawo ta gefe ɗaya, in yanke da allura ko in bar shi?

Anti Malama: Yanke, wil yana juyawa a hankali, yatsa ɗaya a ciki yana tarar allurar. Amma ki sani daga kafawa aka samo shi, yumɓun bai zauna a tsakiya sosai ba. Ranar Litinin ki turo mana hoton wadda kika tsaga.