Gasar wasannin Kudu maso Gabashin Asiya: me ya raya ta tun 1959?

Ɗan Wunti (Bauchi):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙasashe 11 na Kudu maso Gabashin Asiya suna da gasarsu, SEA Games, duk shekara biyu. Mu kuwa a Afirka ta Yamma an yi ta ECOWAS a Legas a 1977, daga nan abin ya yi sanyi. Yaya tasu ta faro, kuma me ya hana ta mutuwa?

Malam Koci (Gombe):
Wa'alaikumus salam, ƙanena. An ƙulla maganar ne a Tokiyo a 1958, lokacin gasar Asiya, bisa shawarar wani jami'in wasanni na Tailan. Aka yi ta farko a Bankok cikin Disambar 1959, da wasanni 12, sunanta a lokacin SEAP Games. Ba ta tashi lafiya ba. Ta 1963 rushewa ta yi domin Kambodiya ta kasa karɓar baƙi. A 1975, bayan 'yan kwaminis sun kama mulki a Biyetnam da Lawos da Kambodiya, ƙasashe huɗu kacal suka zo. Abin da ya cece ta shi ne buɗe ƙofa a 1977: Indunusiya da Filifin da Burunai suka shigo, aka sauya suna. Timo ta Gabas ta shiga a 2003. Ita kuwa Kambodiya sai 2023 ta biya bashin nan na karɓar baƙi, bayan shekara 60 cif.

Hajiya Mai Kati (Azare):
Malam ya kawo tarihi, amma sirrin yana cikin jerin wasannin. Kashi uku ne. Guje-guje da tsalle-tsalle da ninƙaya dole ne. Sai wasannin Olamfik da na gasar Asiya. Na uku kuma mai masauki ke cusa wasannin gargajiyarsa. Nan ne kwaɗayin yake, gwamnati na yarda ta kashe kuɗi saboda ta san zinariya za ta zauna gida. Dubi Filifin: zinariya 24 a 2017, amma da ta karɓi gasar a 2019, da wasanni 56 har da faɗan sandarsu na arnis, sai ga 149 da matsayi na ɗaya. Tamkar a kawo gasa filin Pantami ne mu sa dambe da langa, mu raba kowanne aji-aji, kowane aji da lambarsa. Baƙon da bai taɓa ɗaure hannu da zare ba, ina zai kai?

Malam Koci (Gombe):
Gaskiya ne Hajiya, kuma nan rigima ke tsirowa. A 2023 Kambodiya ta sa wa damben ƙafa sunanta na gida, Kun Khmer, maimakon sunan Tailan, Muay Thai, sai Tailan ta ƙi tura 'yan dambenta. Wata matsalar, wasan da aka yi bana yana iya ɓacewa a gasa mai zuwa, ɗan wasa ya yi atisayen shekara biyu a banza.

Ɗan Wunti (Bauchi):
Na gode Malam, na gode Hajiya. To mu kokawa ba za ta ba mu wannan wahalar ba, tunda Nijar da Senegal da mu duk muna yin ta. Sai dai a fara daidaita dokar kaye, don na Dakar akwai naushi a ciki.