Fatar kan kifina tana zaizayewa, ko akwai magani?

Mai Kifi, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300, kuma a cikinsa akwai kifin tang mai ruwan ɗorawa da aka kawo mini daga Legas wata bakwai da suka wuce. Mako uku ke nan da na lura da wasu ƙananan ramuka kamar hujin allura a kewayen idanunsa, launin wurin ya koɗe, yanzu kuma abin ya fara bin layin da ya miƙe daga kansa zuwa wutsiya. Yana cin abinci, yana iyo kamar kullum. Wani ya ba ni shawarar in zuba maganin jan ƙarfe, amma hankalina bai kwanta ba.

Malama, Kongo:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka zuba wannan magani, domin an yi shi ne don kashe ƙwayoyin cutar da ke maƙalewa a fata, kuma shi kansa yana cikin abubuwan da ake zargi da haddasa abin da ka bayyana. Wannan ita ce zaizayar kai da layin gefe, wadda masana ke taƙaitawa da HLLE, ta fi kama tang da dangoginsa, kuma ba kasafai take kashe kifi nan take ba. Layin nan gaɓa ce da kifi ke jin motsin ruwa da ita.

Tambayata ita ce, shin akwai gawayin tace ruwa a matatarka? A shekarar 2011 an wallafa binciken da Jay Hemdal ya jagoranta a gidan namun daji na Toledo da ke Amurka, inda kifayen da aka tace ruwansu da gawayi mai yawan ƙura suka kamu da zaizayar, waɗanda ba a sa musu gawayi ba kuwa suka tsira. Idan akwai shi, ka cire shi yau.

Tsohon Mai Kiwo, Tudun Wada:
Maganar Malama gaskiya ce, sai dai ban yarda a ɗora wa gawayi laifin duka ba. Tang kifi ne mai kiwon ciyawar teku wuni guda, saboda haka idan busasshen abincin gwangwani kaɗai yake samu, jikinsa zai nuna. Ka riƙa maƙala masa busasshiyar ciyawar nori marar gishiri a jikin gilashi kowace safiya, ka kuma jiƙa abincinsa da bitamin C kafin ka zuba. Sannan ka tuna muna cikin hunturu, iskar Zariya tana shanye ruwa amma ba ta ɗaukar gishiri, don haka ka cike gurbin da tataccen ruwa zalla, ka tsayar da ma'aunin gishirin ruwan a 1.025. Ni da hannuna na taɓa jin wuta ta ja ni a cikin tanki saboda tsohuwar hita mai ɗumama ruwa da ta tsage, ka duba taka, ɗana.

Mai Kifi, Samaru:
Na gode ƙwarai, Baba da Malama. Lallai akwai gawayi, mai araha na saya, ban kuma wanke shi ba. Da na ɗaga jakar gawayin ɗazu sai na ga baƙar ƙura kwance a gindin matatar. Na cire. Shin fatar za ta dawo?

Malama, Kongo:
Tun da ka gano abin da wuri, akwai kyakkyawan zaton za ta dawo, amma watanni ake yi, kuma ramin da ya yi zurfi yakan bar tabo. Ka zuƙe ƙurar nan, ka riƙa canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako, ka ɗauki hoton kansa kowace Juma'a daga gefe guda don ka ga ko ramukan suna tsukewa. Idan wurin ya yi ja ko kifin ya ƙi abinci, wata cuta ta shiga raunin ke nan, sai ka nufi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, tun da yana kusa da kai.