Zafi a cikin tirelar kwana: wane irin rufin taga ne ya fi tare rana?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Tirelar kwana ce, irin ɗakin da ake ja da mota, mai tsawon ƙafa 24, tana ajiye a gefen birnin Phoenix, jihar Arizona. AC ɗaya ne a rufinta, mai ƙarfin BTU 13,500 (ma'aunin zafin da yake iya fitarwa a awa). Da safe lafiya lau, amma daga ƙarfe biyu zuwa shida na yamma ma'aunin ciki ba ya sauka ƙasa da digiri 33 na Celsius, alhali na'urar ba ta hutawa. Tagogi shida ne a jiki, da ƙofar iska biyu a rufi, da tagar haske a saman banɗaki. Labulen da suka zo da ita kawai ke rataye. Me ya kamata in sa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi komai, gwada AC ɗin tukuna. Bar shi ya yi minti 15 yana aiki, ka auna iskar da yake shaƙa da wadda yake fitarwa. In tazarar ta kai digiri 9 zuwa 11, lafiyarsa ƙalau, zafin da ke shigowa ne ya fi ƙarfinsa. In ba ta kai ba, wanke matatar iskar, ka duba ko iska mai sanyi na zurarewa tana komawa mashaƙa.

Sai lissafi. Rana mai ƙarfi tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita da ta fuskance ta sosai. Bangon yamma da la'asar yana samun kamar 700 zuwa 800. Farin gilashi mai falle ɗaya yana barin sama da kashi 80 cikin 100 su wuce. To a ce tagoginka na yamma sun haɗa murabba'in mita biyu: wajen wat 1,200 ke nan, sama da BTU 4,000 a awa. Kusan sulusin ƙarfin na'urarka ya tafi a tagogi biyu ko uku. Gilashi mai duhu yana rage wannan, amma shi kansa yana ɗaukar zafi ya huro wani kaso ciki. Labulen ciki kuwa sai bayan zafi ya riga ya shigo yake haɗuwa da shi.

Maman Ummi: Mafi sauƙi da araha shi ne Reflectix, ledar nan mai kumfa-kumfa da aka lulluɓe da alminiyum gaba da baya. Ana sayar da ita a naɗe, faɗin inci 16, 24 ko 48. Ga tagogi shida, ɗauki mai inci 48, tsawon ƙafa 25, zai ishe ka har da na rufi. Manna takardar jarida a jikin tagar, ka bi gefen firam da fensir, ka yanke. Ɗora ta a kan ledar ka yanka da almakashi, amma ka ƙara kamar rabin santimita a kowane gefe domin ta cushe a cikin firam ta tsaya da kanta ba tare da gam ba. Bi bakin da salatef na alminiyum, in ba haka ba yana ɓarewa. Rubuta sunan kowace taga a bayan nata, don kusurwoyin ba daidai suke ba ko da ido ya ce daidai ne.

Malam Bakanike: Hajiya, a yi haƙuri in ɗan taka birki. Kafin a cusa wannan a ciki sai an san irin tagar. Baban Khalifa, haska tocilan wayarka a jikin gilashin da daddare ka ƙirga inuwar hasken. Biyu, falle ɗaya ne. Huɗu, falle biyu ne. Sannan ƙwanƙwasa da kwabo: gilashi yana ƙara tsaf, roba kuwa sautinta a dushe yake.

Dalilin tambayar: alminiyum a ciki yana mayar da hasken ta cikin gilashin karo na biyu, zafi kuma ya taru a 'yar tazarar da ke tsakani. Falle ɗaya mai tauri yakan jure. Mai falle biyu kuwa iskar da ke tsakiyarsa tana kumbura, robar da ta like bakin ta gaji ta buɗe, danshi ya shiga, taga ta yi hazo na dindindin wanda gogewa ba ta fitarwa. In kuma tagar roba ce ta akirilik, irin ta tirelolin Turai da wasu ƙananan na Amurka, tana iya lanƙwashewa ko ta yi tsage-tsage. Dometic, masu ƙera irinta, suna gargaɗin kada a ja labulen duhu gaba ɗaya a rana mai tsanani, a tsaya a kashi biyu cikin uku domin zafi ya samu mafita.

Baban Khalifa: Na gwada, Malam. Inuwa biyu ce, kuma gilashi ne mai duhu. Ta banɗaki ce kawai roba.

Maman Ummi: To ka gani, nasa zai ɗauka. Amma gaskiyar Malam ce game da ta banɗakin, wannan daga waje za a rufe ta. Abu guda da ake yawan kuskurewa: kaurin ledar bai kai santimita ɗaya ba, ita kaɗai ba ta tare zafin da ke ratsowa ta taɓawa. Aikinta mayar da haske ne, kuma sai fuskar mai sheƙi tana kallon sarari take yinsa. Wanda ya manna mata ƙyalle a fuska biyu don kwalliya ya kashe rabin amfaninta. In kana son ƙari, yanko allon soso mai tauri na rabin inci, mai alminiyum a fuska ɗaya, ka sa a tagar ɗakin kwana da ba a buɗewa. Ka tambayi masu filin da kake ajiye ma, akwai wuraren da ba su yarda a ga alminiyum a taga. A nan sai a sa farin yadi mara kauri ta fuskar waje, a haƙura da ɗan ragin.

Alhaji Mai Rumfa: Ni dai ra'ayina, na ciki mataimaki ne. Babban aikin a waje yake, a tare rana tun ba ta taɓa gilashi ba. Nemi ragar inuwa irin SunTex ko Coolaroo. Lambar da ke jiki, 80 ko 90, ita ce kason hasken da take tarewa. Yamma da gabas a sa 90. Sauran 80 ta isa, kuma iska ta fi ratsa ta. Mai duhu ta fi ba ka damar hango waje, mai haske ta fi mayar da zafi. Akwai kuma Aluminet, raga ce da aka saƙa da zare mai sheƙi, ba ta da nauyi, ba ta ɗaukar zafi a jikinta, sai dai ba kowa ke son kamanninta ba.

Wajen awo, kada ka auna gilashi kaɗai. Ƙara santimita 5 zuwa 8 a kowane gefe don ta rufe firam. Firam ɗin baƙin alminiyum ne, yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma ƙarfe ɗaya ne daga waje har ciki. Tela ya naɗe bakin sau biyu, ya yi amfani da zaren da rana ba ta ci, don zaren auduga kafin bazara ta fita ya ruɓe. A bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin raga da gilashi, ƙasan kuma a sake, domin iska ta riƙa wucewa. Kada a toshe 'yan ramukan da ke ƙasan firam, ta nan ruwan sama ke tsiyayewa.

Ɗan Autan Zaure: Alhaji, da me ake maƙala ta? Maganaɗisu ba zai yi ba?

Alhaji Mai Rumfa: Jikin tirela alminiyum ne ko faiba, maganaɗisu ba ya kama ko ɗaya. Sai dai a manna ɗaya a cikin gilashi, a ɗinke ɗaya a aljihun ragar, su kama juna ta cikin gilashin. Yana yi a falle ɗaya, a falle biyu tazarar ta yi yawa. Ka kuma sani irin na neodimiyum na gama-gari yana fara rasa ƙarfi in zafi ya haura digiri 80, don haka kada a matse shi tsakanin baƙin gilashi da alminiyum.

Velcro, maƙalin nan mai ƙaya-ƙaya irin na takalmi, mai gam na shago, gam ɗinsa narkewa yake, ya zame ya bar ƙazanta. Robar da ke tsotsar gilashi kwana kaɗan take faɗowa, ƙura da zafi ne ke kayar da ita. Abin da ke daɗewa shi ne maɓallin ƙarfe mara tsatsa, irin na rumfar jirgin ruwa. Akwai na ɗaurewa da sukuru, akwai na mannawa. In za ka huda, sukurun ya zama gajere, a cika ramin da abin like kafin a ɗaura, domin ruwan da ya shiga bangon tirela katakon ciki yake ruɓarwa ba tare da an gani ba. In na mannawa ne, goge wurin da sifirit, manna da sassafe jiki na da sanyi, danna sosai, ka bar shi kwana biyu ko uku kafin ka rataya masa komai. Huɗu a ƙaramar taga, shida a babba.

Injiniya: Kada a manta da sama. A Phoenix a watan Yuni rana tana hawa sama kusan kusurwar digiri 80 da tsaka, wato kusan a tsakiyar ka take. Tagar kudu ba ta samun abin kirki a lokacin, rufi ne ke sha. Ƙofar iskar rufi a tirelolin Amurka inci 14 ce tsawo da faɗi, murfinta roba ce siririya. Ana sayar da matashin soso daidai ramin, mai sheƙi a fuska ɗaya, fuskar ta kalli sama. Ko ka yanko soso mai kaurin inci 3 ka yi da kanka. Ta banɗaki kuwa a yafa mata raga ko farin tampol daga waje, a ɗaure da kyau, ba a jikin eriya ko bututun iska ba.

In filin ya ba ka zaɓi, juya tirelar gaba da baya su kalli gabas da yamma, dogayen ɓangarori su kalli kudu da arewa. In bai ba ka ba, ɓangaren da rumfar naɗewa ta jikin tirela take ya kalli yamma, ka zura raga a ramin sandar rumfar ta sauka har ƙasa, ka kafe ta da turaku. Wannan bangon gaba ɗaya yake rufewa, ba taga kaɗai ba.

Malam Bakanike: Rumfar nan a kula da ita. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba lokacin guguwa ne a Arizona, hadari da ƙura kan taso da yamma ba sallama. Iska ta kai kilomita 30 zuwa 40 a awa, naɗe. Za ka fita, naɗe. Hannun rumfa in ya karye, da bangon yake tafiya.

Gargaɗi biyu kuma. Tagar gudun gobara, mai jan hannu, yawanci a ɗakin kwana, duk abin da aka sa mata ya zama fizga ɗaya ke cire shi ciki da waje. Ragar firji da ke gefen tirela kuma a yi mata inuwa daga nesa, kada a rufe ta. Firjin gas da wannan iskar yake numfashi, toshe ta haɗari ne.

Yaya Ɗan Maraɗi: Masu kwantenar ofis da ɗakunan ƙarfe na wurin aiki a gida ma su ɗauka, dabarar ɗaya ce. Asabari a rataye a waje, tazarar taƙi ɗaya daga taga, yana yin aikin ragar nan, iska na wucewa. Zana a kan sanduna bisa rufi, da tazarar kamu ɗaya, ta fi komai rage zafin ƙarfe, amma a nisanta ta da janareto da wurin girki. Bambancin shi ne alkiblar rana: a Kano da Maraɗi, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta, rana ta arewa take bi da tsaka. Wanda ya kwafi shawarar Turai ya rufe kudu kaɗai ya bar ɓangaren da ke shan rana a buɗe.

Ɗan Autan Zaure: Ledar duhun gilashi irin ta mota fa?

Injiniya: Mai sinadarin seramik tana taimakawa, kuma ba sai an cire an mayar ba. Sai dai kada lambar da aka buga da manyan haruffa ta ruɗe ka. Kashi 90 da wani abu da suke faɗa na wani yanki ne na hasken. Nemi lambar TSER, kason jimillar zafin rana da take hanawa cikin 100, a masu kyau yawanci tsakanin 50 da 65 take. Gilashin Baban Khalifa da ma mai duhu ne, ribar da zai ƙara ba ta kai ta raga ba. A kan akirilik kuwa ba a sa ta, kumfa take tasowa, cirewa kuma ta lalata tagar.

Wanda zai gwada da na'urar auna zafi daga nesa mai kamar bindiga, kada ya harba a kan alminiyum mai sheƙi, ƙarya take bayarwa. Manna guntun salatef na takarda, jira minti biyar, ka auna a kansa.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Kuɗin ba zai kai in yi duka a wata ɗaya ba. Da wanne zan fara?

Maman Ummi: Matashin rufi biyu da murfin ta banɗaki, su ne mafi araha. Sai raga mai 90 a tagogin yamma, sai Reflectix a sauran. Ka riƙa sa su tun kafin rana ta iso tagar, AC kuma a kunna tun ƙarfe tara ko goma, don in kujeru da kabad suka riga suka ɗauki zafi, har dare suna sake shi. Fankar ƙofar iskar rufi kada ta yi aiki tare da AC, sanyin take zuƙewa waje, sai in iskar waje ta fi ta ciki sanyi. Sau ɗaya a mako ka cire na cikin ka goge gilashin, saboda gumin da ke taruwa a baya yana kawo fumfuna a robar firam.

Alhaji Mai Rumfa: Turo awon tagogin yamma, faɗi da tsawo daga bakin firam zuwa bakin firam, ka faɗa mini ko zamewa suke ko turawa waje ake yi. Mai turawa tana buƙatar raga ta sauko daga sama a karkace, yadinta ya fi yawa. Sai in lissafa maka yadi nawa da maɓalli nawa za ka saya.