"Da tsohuwar zuma ake magani": ta hau kan tsohon birni?

Baban Zainabu: Assalamu alaikum. Dattawa biyu ne suka kusa bai wa hammata iska a wani taro, kan kuɗin da aka ware wa tsohuwar unguwa. Ɗaya ya ce a rushe a yi shaguna, ɗayan ya ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Na farkon ya ce ai zuma ba ta ruftawa kan mutum da damina. Wa ya fi gaskiya?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam. Na farkon bai yi ƙarya ba. Zuma rufe ta ake yi a manta, ginin ƙasa kuwa duk shekara yana neman hannu. Kuma gyaran da tsarinsa. Ruwa ake fara kamawa: a toshe yoyon rufi, a sa indararo ya zarce bango da kamar kamu guda don kada ya riƙa zuba a jikinsa, sannan a yi wa gindin bango gangara da magudana. Bayan nan a tone bakin azara inda ta shiga bango, nan gara da laima suke ci ba a gani. Azara ɗaya ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa ake ɗaurin guga, wato ɗora rufi kan baka masu gitta juna, a babban soro. Yaɓe ne na ƙarshe. Ɗan kwangila daga yaɓe yake farawa, don shi ke fita a hoto.

Injiniya: Baba ka manta siminti. Bangon ƙasa yana shan laima daga ƙasa ya fitar ta jikinsa. In aka lulluɓe shi da siminti, laimar ta rasa hanya, ƙasar ta yi laushi a ciki. Ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, wata rana ya ɓare da rabin bangon. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Hajiya Mai Lissafi: Ni ina bayan dattijo na biyu, amma da sharaɗi. A Alƙahira juji ne na kusan shekara 500 gidauniyar Aga Khan ta mayar lambun Al-Azhar, aka buɗe a 2005, an kashe kimanin dala miliyan 30. Garin kwashe shara aka tono ganuwar zamanin Salahuddin, kusan kilomita ɗaya da rabi. Ba a tsaya nan ba, sai aka shiga unguwar Darb al-Ahmar da ke jingine da ganuwar, aka gyara gidaje ba a kori mutanensu ba, aka ba da ƙananan rance, aka koya wa matasa sassaƙar dutse da kafinta. Nan zumar ta yi magani. Benis ta Italiya kuwa gine-ginen suna nan, baƙi fal, amma mazauna tsohon garin daga wajen 175,000 a 1951 sun koma ƙasa da 50,000 a 2022. Wa aka warkar?

Ɗan Autan Zaure: Hajiya, wani ranka-ya-daɗe da na sani duk shekara ganuwa tana cikin kasafinsa. Ganuwar tana ramewa, shi yana ƙiba.

Injiniya: Ai ya karanta karin maganar ne rabi. Ya ji zuma, bai ji magani ba.

Gwaggo: Ku tsaya ku ji abin da kakarmu, Allah ya jiƙanta, take bayarwa. Wai wani mai gida ya sami zuma tulu guda, ya liƙe baki da taɓo ya kai ƙuryar ɗaki. Uwargida ta yi tari, ya ce zumar ba ta tsufa ba. Maƙwabci ya ƙone a hannu ya aiko, ya ce ba ta tsufa ba. Shekara bakwai. Ran da ɗansa na fari ya kwanta, ya ce to yau ranarta, ya ɗaga tulu ya ji shafal. Ashe tun shekarar farko gindin ya tsage, tururuwa sun yi hanya ta ƙarƙashin tabarma. Da ya ɓalle murfin, taɓon nan ƙalau, ko ƙwarzane babu. Kakarmu takan ce uwargidan ta daɗe da ganin layin tururuwan, amma tunda ba a ba ta ba, ba ta faɗa ba.

Tsohon Magini: Allah ya jiƙan kaka, ta san gini. Ya tsare baki ya bar gindi.

Hajiya Mai Lissafi: A'a Baba, labarin uwargida ne. Mazaunin da aka hana ya sa bayan gida na zamani ko ya buɗe taga a gidansa, wai kayan tarihi ne, zai ga tsaga ya yi shiru. Irin wannan ƙorafin an sha jin sa a Jenne ta Mali.

Malam Na Ƙofa: Ni dai rowa na ji a labarin, ban ji gini ba. Kuma tunda an ambaci Jenne, masallacinsu na 1907 duk shekara gari ke fita a yaɓe shi. Da aka zo babban gyara sai aka tarar yaɓe kan yaɓe ya taru ya yi wa rufi nauyi, sai da aka kankare. A Nuwamban 2009, ana cikin aikin, saman hasumiya ɗaya ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Ko maganin ma yana da awo.

Ɗan Autan Zaure: Ni fa a sanina, uwargida ake lallashi da maganar nan in za a yi mata kishiya.

Gwaggo: Kai yaro, da ka san haka me ya hana ka faɗa wa dattawan? Shagunan ne amaryar ai.

Baban Zainabu: To ni yanzu me zan ce musu?

Injiniya: Tambaye su ina ruwan unguwar yake bi tukuna. Baba Magini, makuba, ɓawon ɗorawar nan ta yaɓe, kwana nawa kuke jiƙa ta kafin a kwaɓa?