Tambaya kan cire maganaɗisu daga katirij ɗin garmaho

Jama'a masana, ina neman shawara. Katirij ne (kan garmaho mai riƙe da allura) irin MC, wato wanda naɗin siraran wayoyi ke motsi kusa da maganaɗisu a cikinsa, mai fitar da milibolt 0.4, an ɗora masa nauyin giram 2 (ƙarfin da allura ke danna faifai da shi) da lodin ohm 100 (turjiyar wuta a mashigar amfilifaya). Sautinsa ya dushe, kuge ba ya ƙara kamar da, kuma faɗin sitiriyo (rabuwar sauti tsakanin hagu da dama) ya tsuke. An wanke allura, an duba saiti, an sauya wayoyi, amma babu canji.

Zargina yana kan ɗan ƙarfen da aka naɗe siraran wayoyin a kansa, cewa ya riƙe ragowar maganaɗisu, wataƙila saboda an taɓa auna katirij ɗin da mitar auna wuta, wadda ke tura wutar DC (wutar da ba ta sauya alƙibla). Ina tunanin amfani da na'urar cire maganaɗisu. Na'urar tana tura siginar AC (wutar da ke sauya alƙibla) ne ta wayoyin fitarwa, ta riƙa rage ƙarfinta sannu a hankali har sifiri. To a nan na tsaya: wayoyin MC sun fi gashi siranta, wuta kaɗan ta wuce kima sai su ƙone, shi ya sa wasu masu ƙerawa suke hana yin haka ɗungurungum.

Wane ƙarfin wuta ne naɗin waya mai turjiyar ohm 5 zai jure? Siginar za ta iya raunana babban maganaɗisun da ke ciki? Na san a irin MM (katirij ɗin da maganaɗisu ne ke motsi a cikinsa) dole a zare allurar tukuna, tunda maganaɗisun yana jikin sandarta, amma ta MC ba ta zaruwa.

Sannan dabarar cire maganaɗisun ta hanyar haɗe bakin wayoyin fitarwa da juna yayin da faifai ke juyawa, tana aiki kuwa? Ko dai robar da ke riƙe sandar allurar ce ta bushe?