Marry, wed, join da merge: wanne ake sawa a ina?

Ɗaliba: Salamu alaikum 'yan zaure. Malamai, a taimaka da bambancin marry da wed, da na wedding da marriage. Katin gayyata za a rubuta da Turanci.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wedding shi ne taron ranar, ɗaurin aure da biki. Marriage kuwa zaman auren ne har tsawon shekarunsa. A kati wedding za ki sa, amma takardar shaida marriage certificate ce. Inda ake yawan faɗuwa shi ne kalmar da ke bin marry. Da yake muna cewa "ya yi aure da ita", sai mutum ya rubuta he married with her, wanda kuskure ne. Ko dai he married her kai tsaye, ko he is married to her. In Bature ya ce married with two children, nufinsa mutumin na da aure da 'ya'ya biyu.

Mai fassara: Malam ya yi daidai. Ƙari kaɗan: marry na ɗaukar aikin liman ma. The imam married them na nufin ya ɗaura musu aure, ba shi ne angon ba. Uba da ya aurar da 'yarsa kuwa sai a ce he married her off. Ita wed, 'yan jarida ne ke son ta a kanun labarai saboda gajarta, haka masu buga kati. A hira ba a cika jin ta ba.

Lauya: Hajiya, a ƙara da dowry, don ta fi kowace rikitarwa a takardun neman biza. A Turancin Ingila dowry dukiyar da amarya ke kai wa gidan miji ce, ta fi kusa da gara da kayan ɗaki. Sadaki daga ango yake zuwa hannun amarya, don haka a rubuta mahr, a yi masa bayani cikin jimla ɗaya. Bride price ma bai zauna daidai ba, shi iyaye ake ba.

Ɗaliba: Madalla, Allah ya saka. To, join da merge fa?

Malamin Turanci: Join shiga ce cikin abin da ke nan tuni: he joined the party, babu kalmar to a tsakani. Jam'iyyar na nan da sunanta, mutum ɗaya ne kawai ya ƙaru a cikinta. Merge narkewa ce, tsofaffin sunaye su ɓace. A 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, wannan merger ne. Da kowace ta riƙe rajistarta suka haɗa kai don zaɓe kawai, alliance ko coalition za a kira shi.

Lauya: Akwai amalgamation kuma, ta hukuma ce da kamfanoni, kamar haɗe Arewa da Kudu da Lugard ya yi a 1914. Kada a kai ta kan katin aure.

Mai fassara: Ƙanwata, in baiko za ku ambata, engaged to ne, ba with ba. Ki kuma duba rubutun fiancé da fiancée kafin a kai wa mai buga kati: mai e ɗaya namiji ne, mai biyu mace.